Fitsarin kare a ciyawar ƙofar gida: shawarwarin masu lambu da masu kiwo

Sinadarin naitirojin da gishirin da ke cikin fitsarin ne ke ƙone ciyawa, kamar an zuba takin yuriya da yawa a wuri ɗaya. Shi ya sa tsakiyar tabon ke bushewa, gefensa kuma ya yi kore shar. Karya ta fi yin ɓarna domin tsugunawa take ta juye duka wuri guda, kuma abin ya fi muni da rani.

Maganin da aka fi yarda da shi ruwa ne: a kwarara kamar ninki uku na fitsarin nan take. In wurin ya riga ya mutu, a kankare busasshiyar ciyawar, a jiƙa ƙasar sosai na 'yan kwanaki, sannan a dasa sabuwa, ban da taki. Kada a ba kare kanwa ko wani haɗi don sauya fitsarinsa, yana iya jawo tsakuwar mafitsara.

Wajen yawo, a gajarta igiya, a riƙe gorar ruwa da ledar kwashe kashi. A nisanta karen da ƙofar da maƙwabta ke shimfiɗa tabarmar salla, domin fitsarinsa najasa ne.