Muhawara: "Sama" ta Hausa da "sama" ta Asiya, tushensu ɗaya ne?

Malam Habu: Ni dai ban yarda dace ba ne. "Sama" tana cikin Hausa, tana cikin Malay na Malesiya da Indonesiya, tana cikin Japananci, har da harshen ƙasar Finlan. Harufa huɗu, jeri ɗaya. Dole akwai tsohuwar dangantaka.

Malama Zulai: Malam Habu, fara duba ma'ana kafin rubutu. A Malay "sama" na nufin daidai ko iri ɗaya, kuma daga Sanskrit ta Indiya suka aro ta. Ta Finlan ma iri ɗaya take nufi, aro ce daga harsunan Indo-Turai, dangin da Sanskrit ma take ciki, don haka waɗannan biyun kam suna da dangantaka. Ta Japan kuwa ɗafin girmamawa ce da ake liƙawa bayan suna, kuma "san" taƙaitawarta ce. Ina sararin samaniya a nan? Ko "sama-sama" ka ɗauka: mu aikin da ba a zurfafa ba muke nufi, Bamalaye kuwa amsar godiya yake bayarwa.

Malam Habu: To ya aka yi suka haɗu haka?

Malam Isiyaku: Lissafi ne, Malam. Harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5 zai iya gina kalmomi masu gaɓa biyu irin wannan guda 10,000 kacal, ga harsunan duniya kusan 7,000. Karo ya zama dole. Ba a kafa dangantaka da kalma ɗaya. Sai an ga sauti yana sauyawa bisa tsari a kalmomi masu yawa. Rubutun boko ma yana ruɗarwa, domin ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. "Sama" ta bisa gajerun wasula gare ta, ta "ya sama masa aiki" dogaye.

Malama Zulai: Tamu daga Larabci take, "samā'", muka yi mata jam'in kanmu, sammai.

Malam Isiyaku: A nan zan ɗan ja da ke, Malama. Hausa da Larabci duk 'yan dangin harsunan Afro-Asiya ne, don haka gado ma abin dubawa ne.

Malama Zulai: Gado na dubban shekaru ba ya fitowa sak haka, sautin yakan goge. Kamar da ta yi yawa ita ce alamar aro. Kuma muna da "bisa" tamu. In kana son gado, kawo kalmar a harsunan Cadi, 'yan'uwan Hausa na kusa, da ba su yi cuɗanya da Larabci ba.