Tana karanta Turanci tiryan-tiryan, amma ba ta gane wa ake nufi: ku ba ni shawara

Maman Yara, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai a cikinmu.

'Yata ta biyu tana aji biyu na ƙaramar sakandare, shekarunta 13. In kun ji tana karanta Turanci za ku ce magana ta ƙare, don ba ta in-ina, ba ta tsallake layi. Amma da aka kawo takardar gwajin wannan zangon, a ɓangaren auna fahimta 3 ta ci cikin 10. Jiya bayan isha'i na zaunar da ita a tabarma, babu wuta, na haska mata da fitilar waya. A labarin akwai wannan jimlar: "When the farmer's wife met the trader, she gave her the basket and asked her to return it before evening." Ta karanta tsaf. Na ce to, wa ya ba wa kwando? Ta yi shiru tana murza gefen hijabinta. Na ce me za a mayar kafin yamma? Ta ce matar manomin ce za ta koma gida. Sai ga hawaye.

A rubutunta kuma an ja jan biro a ƙarƙashin "My mother she went to the market" da "I washed the pot and put her in the kitchen". Ni a sakandare karatuna ya tsaya. Ina jin cewa kuskure ne, amma dalilin ne ban iya faɗa mata ba. Baɗi za ta rubuta BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuɗin lesin kuma babu su a yanzu. Me zan iya yi mata a gida?

Baban Biyar, Kaduna:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi mata albarka. Ni abin da na yi wa nawa, na hana Hausa a gida daga magariba zuwa lokacin barci, sai Turanci. Hausar ce ke shiga mata cikin rubutu. Ki gwada wata uku ki gani.

Malamin Turanci, Zariya:

Alhaji, ka yi gaskiya cewa Hausa ce ke leƙowa cikin rubutun yarinyar, amma a nan zan saɓa maka da girmamawa. In aka hana ta Hausa an ƙwace mata fitilar da za ta ga kuskuren da ita.

Maman Yara, ki kwantar da hankalinki. Kurakuran nan biyu na fi shekara goma ina ganinsu a littattafan ɗalibaina, kuma ba alamar daƙiƙanci ba ne. Yarinya ce da ta iya nahawun harshenta sosai, ta ɗauko shi ta ɗora wa Turanci.

Duba na farko. A Hausa ba a cewa "Mamata tafi kasuwa". Dole sai an ce "Mamata ta tafi kasuwa", wato suna ya zo, wakilin suna ya biyo shi. Wannan "ta" ɗin ce ta juya ta zama "she". Turanci kuwa ɗaya yake ɗauka: ko sunan, ko wakilinsa, ba a haɗa su. Ki faɗa mata haka: in mai gida yana zaune a taro, wakilinsa ba ya magana. Sai ya fita wakili ke tashi. Haka abin yake da "The man that I saw him", wanda ya fito daga "mutumin da na gan shi". A cire "him".

Na biyun ya fi zurfi. Mu a Hausa duk wani abu tilo ko namiji ne ko mace. Tukunya ita, mota ita, kujera ita. Littafi shi, kwando shi, ruwa shi. Ba mu da gida na uku. Turanci yana da shi, kuma shi ne "it", inda ake zuba duk abin da ba mutum ba. Shi ya sa ta ce "put her", don a zuciyarta "na ajiye ta" take faɗa. Shi ya sa kuma a labarin kwandon idonta ya wuce ta kan "it" kamar babu shi, ta ga "return" ta ɗauka mutum ne zai koma.

Abin da za ku riƙa yi: kullum ki zaɓi sakin layi ɗaya tak, kada ya wuce layi shida. Ta ɗauki fensir ta zagaye kowane he, she, it, they, him, her, them. Daga kowane zagaye ta ja kibiya zuwa sunan da yake wakilta. Kafin ta ja, ta yi wa kanta tambaya uku: mutum ne ko abu? Ɗaya ne ko da yawa? In mutum ne, namiji ko mace? Bayan nan ta sake karanta jimlar da ƙarfi, tana sa sunan a gurbin wakilin. In ma'ana ta zauna, kibiyar ta faɗa daidai. Minti goma sha biyar ya isa. Kada ki bari ta gaji har ta tsani abin.

Maman Yara, Kano:

Malam, Allah ya saka da alheri, wallahi yau na ji dalilin. Amma a jimlar kwandon akwai "she" ɗaya da "her" biyu, kuma mata biyu ne a labarin. Tambayoyin nan uku duk amsarsu ɗaya ce. Yaya za ta raba su?

Malamin Turanci, Zariya:

Nan ne ainihin auna fahimtar yake, Hajiya. Siffar kalmar ta taimaka da rabi: "she" mai aikatawa ce, "her" wadda aka yi wa. Yawanci mai aikatawa a farkon jimla ita ke ci gaba da riƙe aikin, don haka "she" matar manomi ce, "her" biyun kuma 'yar kasuwar. Sauran rabin hankali ne: wanda aka ba kaya shi ake cewa ya dawo da su. Amma ta duba jimlar da ta gabata da wadda ta biyo baya, don wani lokaci su ke warware gardamar. Ku ɗauko kwando na gaske, ke ki zama matar manomi, ita 'yar kasuwa, ku yi abin a tsakar gida tana faɗar jimlar. Abin da hannu ya miƙa ba ya saurin fita daga kai.

Malama daga Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. Mu nan Nijar yara sai sun yi Faransanci kafin su haɗu da Ingilishi, kuma his da her ne ke kayar da su. A Faransanci "sa mère" na iya zama uwarsa ko uwarta, domin kalmar tana bin abin da aka mallaka. Sai ka ga an rubuta "her mother" alhali yaro namiji ake magana a kai. Ni da Hausa nake gyara musu: babansa, babanta; uwarsa, uwarta. Ƙarshen kalmar mai abu yake bi, daidai da Ingilishi. 'Yar uwa, wannan garaɓasa ce 'yarki take da ita, ki nuna mata: -sa shi ne his, -ta shi ne her.

Ɗalibin jami'a, Sakkwato:

Umma, ni abin nan ya taɓa cin ni. Zaman WAEC ɗina na farko ban samu kiredit a Turanci ba, na zauna gida shekara guda abokaina suna makaranta. Matsalata ita ce ina farautar kalma: in na ga kalmar tambaya a cikin labari sai in kwafe layin gaba ɗaya. Abin da ya cece ni, duk sakin layin da na karanta sai in rufe littafin in faɗa wa ƙanena da Hausa abin da ya faru. In na kasa, to ban gane ba, sai in koma. Gara ta saba tun yanzu, don gaba akwai taƙaita labari a WAEC, a JAMB kuma tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne.

Tsohuwar malamar firamare, Katsina:

Ɗiyata, duk abin da suka faɗa daidai ne. Nawa ɗaya ne: hawayen nan su za ki fara sharewa. Yarinyar da aka saba yaba wa karatunta, yau ta ga jan biro, tsoro ne zai shige ta, ta daina buɗe baki. Ki fara da abin da ta sani. Ki ba ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki ce "ya ce mata", wa ya ce wa wa? Za ta amsa tana dariya. Sai ki ce to abin da ake tambayarki da Turanci ke nan. Kuma kada a gyara mata a gaban ƙannenta.

Baban Biyar, Kaduna:

Malam na karɓi gyara. Yanzu na duba littafin autana, ga "Baba they have come" a ciki, wato "Baba sun zo" na girmamawa. Mu ma za mu fara jan kibiyar.

Maman Yara, Kano:

Salam 'yan uwa, na dawo da labari. Kwana tara ke nan muna yi bayan isha'i. Mun yi wasan kwandon, har ƙannenta suka ce sai an ba su nasu matsayin. Jiya cikin zagaye bakwai ta ja shida daidai, kuma da kanta ta goge "she" a bayan "my mother" kafin in yi magana. Na bakwan ne ya tsayar da mu duka: "It was raining when they left." Ta bi labarin sama da ƙasa, ta rasa inda za ta kai kibiyar "it". Malam, ina za ta?

Malamin Turanci, Zariya:

Masha Allah, ki gaishe min da ita. Wannan ba ya zuwa ko'ina, Hajiya, ta bar shi babu kibiya. Ki tambaye ta, in mun ce "ana ruwa", wa ke yi? Wannan "it" ɗin haka yake, gurbi kawai yake riƙewa don Turanci ba ya barin jimla babu kowa a gabanta. Za ta sake haɗuwa da shi a maganar lokaci da yanayi, kamar "It is late" da "It is hot". Ta ja masa layi biyu a ƙasa, ta wuce zuwa "they".