Dan Allah a ina ya fi in riƙa ajiye rasit da hotuna a intanet? An sace min waya komai ya tafi

MaiAlbasa_Mile12

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar waya. Ni sana'ar albasa nake a nan kasuwar Mile 12 da ke Legas, yayana yana can Aliero shi yake mana lodi ni kuma in karɓa a nan in sayar in tura kuɗi. To ranar Talatar da ta wuce aka zare min waya a danfo tsakanin Oshodi da Ketu, wlh ko ji ban yi ba sai da na sauka na laluba aljihu. Ba wayar ce ta dame ni ba, abin da ke cikinta ne, rasit na turin kuɗi na kusan shekara biyu, hotunan takardun motocin da ke ɗauko mana kaya, hoton littafin bashi da nake ɗauka duk yamma kafin in tashi, sannan abin da ya fi ci min rai bidiyon sunan 'yata da aka yi a gida bara, ni kaɗai nake da shi.

Na yi welkom bak na layina, wato an ba ni sabon sim da tsohuwar lambata, na kuma sayi wata wayar. Yanzu so nake in samu wuri a intanet da zan riƙa zuba waɗannan abubuwa, wanda shi ma Yaya zai iya buɗewa daga can ya ga rasit ba sai na yi ta turo masa ɗaya bayan ɗaya ba. Yaron da ke taya ni ya ce Telegram, wani ya ce Google Drive, wani kuma ya ce akwai TeraBox da ke ba da giga 1000 kyauta. Kaina ya ɗaure. Kuma a duba min batun data dan Allah, kun san yadda ta yi tsada. Nagode.

Injiniya_Ikeja

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri ya kiyaye gaba. Ni gyaran waya nake a Computer Village kuma irin wannan maganar kusan kullum sai an zo min da ita.

Kafin a zo ga zaɓe, kar ka cire rai tukuna. In dai tsohuwar wayar Android ce to dole akwai Gmail a kanta, da shi ake sauke abu a Play Store. Ka nemo wannan imel ɗin ka saka a sabuwar wayar, ka buɗe Google Photos ka gani, sau da yawa hotuna suna hawa can mai wayar bai ma sani ba. Haka WhatsApp, in yana ajiye hirarraki a Google Drive to in ka saka shi da lambarka da wannan imel ɗin zai tambaye ka ko ya dawo da su. In ka riga ka buɗe shi da sabon imel, sai an cire an sake sakawa. Sannan ka shiga wajen tsaro na akawun ɗin ka fitar da tsohuwar wayar ka canza fasawod yau yau, kar ka bari ya kwana.

To batun wurin ajiya. Google yana ba da giga 15 kyauta amma fa kwano ɗaya ne, Gmail da Photos da Drive duk a cikinsa suke ci, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga lissafin. Da can hotuna ba su da iyaka, an tsayar da hakan tun 1 ga Yuni 2021, shi ya sa za ka ga dattijo yana cewa ai da ba ya cika. In ya cika imel ma daina shigowa yake. OneDrive na Microsoft giga 5 ne, iCloud na masu iPhone shi ma 5, Dropbox 2 kacal, Mega kuma 20. Ni a irin aikinka Google Drive zan ce maka, ba wai dan ya fi kowa yawa ba, dan yana cikin wayarka tun daga kamfani kuma Yayanka ma yana da shi ko da bai sani ba. Rasit da hoton littafi ba su da nauyi, giga 15 za ta kai ka shekaru in ba ka cika ta da bidiyoyin guruf ba.

Amma abin da nake so ka riƙe ya fi duk waɗannan lambobi shi ne makulli. Mafi yawan waɗanda suke zuwa shagona kayansu na nan lafiya lau a intanet, shiga ce ta gagara, domin wani yaro ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi waya, ya saka fasawod ɗin da shi ma ya manta, wani lokacin ma lambar wayarsa ya saka a matsayin ta dawo da akawun. Ka ga sito cike da kaya, makulli yana hannun wanda ba ka san inda yake ba. Ka zauna da kanka ka saka lambarka, ka ƙara imel ɗin Yaya a matsayin na ko-ta-kwana, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan fasawod sai an ƙara tabbatar da kai ne kafin a shiga, zai ba ka wasu lambobi guda 10 na gaggawa, ka rubuta su da biro a takarda ka ajiye a gida inda kake ajiye takardun fili, ba a cikin waya ba.

HajiyarAgege

Allah sarki Alhaji, Allah ya musanya da mafi alheri, batun bidiyon yarinyar nan ya taɓa ni wlh. Ka tambayi matan gida da 'yan uwan maman yarinyar, da wuya a yi suna a ce mutum ɗaya ne ya ɗauka.

Injiniya ya yi bayani amma ni zan ɗan kare Telegram. Ina sayar da atamfa da leshi, daga Balogun nake sarowa ina aikawa Kano da Kaduna, hotunan kaya a wayata sun fi ƙarfin lissafi. Na buɗe tasha tawa ni kaɗai a Telegram nake zubawa, ba ya ce min wuri ya cika, fayil ɗaya har giga 2 yana ɗauka, kuma na canza waya sau biyu ina saka lambata komai ya dawo. Ga wanda bai saba da harkar folda ba gsky ya fi sauƙi saboda kamar WhatsApp yake, Yayanka ba sai an koya masa komai ba. Abin da na lura kawai, in ka tura hoto haka nan yana matse shi rubutun rasit ya dushe, sai ka tura shi a matsayin fayil zai tafi yadda yake, haka ma a WhatsApp.

Amma ban taɓa saka katin NIN ɗina ko wani abu na banki a ciki ba, wannan kam a'a.

Batun data kuma, tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 na koma yin lodi da dare da datar dare, in na idar da shafa'i da wutiri sai in jona caji in bar shi yana hawa.

Ɗan_Apapa

Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki kaɗan. Telegram wajen hira ne da aike, ba a gina shi dan ajiyar takardun kasuwa ba. Akawun ɗin a lambar waya yake rataye, wanda ya samu layinka ya samu ƙofa in ba ka saka masa fasawod na biyu ba, sannan in aka daɗe ba a shiga ba yana goge akawun ɗin da kansa, akwai wurin saita tsawon lokacin a cikin setin amma mutane nawa ne suke dubawa? Kuma ranar da rigima ta tashi kan kuɗin lodin watan Sha'aban na bara, sai ka yi ta jan yatsa sama kana nema cikin hotuna dubu. Na hotunan atamfa ya yi, na lissafi bai yi ba.

Ni aikin fitar da kaya nake a tashar jirgin ruwa, takarda ce rayuwarmu. Abin da muke yi a ofis mai sauƙi ne. Folda ɗaya a Drive ta shekara, a cikinta ta kowane wata, kowace takarda a sa mata suna da kwanan wata da sunan mai ita. A cikin manhajar Drive ɗin akwai alamar kyamara da ke ɗaukar takarda ta gyara gefenta ta mai da ita PDF, ta fi hoto fitowa kuma sau da yawa ta fi shi rashin nauyi, Alhaji da ita za ka riƙa ɗaukar littafin bashin nan.

Inda nake so a kula sosai shi ne wajen rabawa. Hanya biyu ce. Ko ka rubuta imel ɗin mutum shi kaɗai ya gani, ko ka saki linki wanda duk wanda ya same shi zai buɗe. Ta biyun ce take jawo matsala, ka tura wa direba linki dan ya ga takarda ɗaya, shi ya tura guruf ɗin 'yan tasha, shike nan sirrin cinikinka ya shiga gari. Yaya ka saka shi da imel ɗinsa. Kuma ka zaɓa masa matsayin mai kallo kawai in ba rubutu zai yi ba, ba dan rashin yarda ba, hannu yana kuskure. Ko an goge abu ma yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, amma gara a ce ba a kai ga haka ba.

Takardun da suka shafi fasfo da NIN da na fili ni a Mega nake ajiye su, domin a kulle suke hawa, su kansu masu kamfanin ba sa iya buɗewa. Sai dai wannan kullewar tana da nata sharaɗin, in ka manta fasawod kuma ba ka adana makullin dawowa da suke bayarwa ba to babu wanda zai buɗe maka.

Malamin_IdiAraba

Game da mai giga 1000 ɗin nan, eh da gaske ne suna bayarwa amma da talla a ciki. In karatuttukan malamai ne ko tafsirin azumi da ko sun ɓace za ka sake samu, ba laifi. Amanar mutane da lissafin bashi kuwa ka sa su inda ka san kana riƙe da makulli. Kuma littafin nan na takarda kar ka daina rubuta shi, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Allah ya sa albarka a kasuwa.

MaiAlbasa_Mile12

Alhamdulillah! Injiniya Allah ya saka da alheri ya ji ƙan mahaifa. Na samo tsohon imel ɗin a bayan kwalin tsohuwar wayar, ashe wanda ya sayar min ya rubuta a jiki. Hotuna sun dawo da yawa har da na littafin bashi zuwa watan jiya, rasit ma mafi yawa suna nan. Bidiyo ne dai babu ko ɗaya, har da na sunan. Hajiya na bi shawararki na kira gida, ƙanwar matata ta ce tana da wani guntu da ta ɗauka lokacin da ake raɗa suna, za ta turo.

Na buɗe foldar kamar yadda Ɗan Apapa ya ce na saka Yaya, ya kira ni ɗazu ya ce ya gani. Tambayata biyu, me ya sa hotuna suka hau bidiyo bai hau ba? Sannan ya nuna min na cinye giga 11 cikin 15, in saya ƙari ne ko yaya?

Injiniya_Ikeja

Masha Allah, na ji daɗi wlh. Bidiyon bai hau ba ne saboda a Google Photos setin hawa da datar waya daban yake, akwai maɓallin bidiyo shi kaɗai, in ba a kunna ba sai wayar ta samu wayifai take ɗora shi, kai kuma a kasuwa ba wayifai kake hawa ba. Kar ka kunna shi gaba ɗaya zai sha maka data, bidiyon da yake da muhimmanci ka zaɓe shi ka ɗora da hannunka da dare kamar yadda Hajiya take yi. Wanda za a turo maka daga gida ka ce ta turo a matsayin fayil, ka ɗora shi a daren, sannan ka sa a kwafa maka a filash ka bar shi a gida, ya zama yana wuri biyu.

Kar ka yi saurin biya. Fara duba me ya ci wurin, ina kyautata zaton ajiyar WhatsApp ce da bidiyoyin guruf, ka shiga setin ɗin WhatsApp wajen ajiyar hira ka kashe haɗawa da bidiyo za ka ga wuri ya buɗe. In duk da haka bai isa ba akwai Google One na giga 100 da ake biya wata wata, kuma za ka iya raba shi da mutum biyar, kai da Yaya da uwargida ku ci a biya ɗaya ba tare da wani ya ga kayan wani ba. Sai ka tabbatar katin bankinka yana wucewa kafin ka dogara da shi.

Wani abu kuma, fasawod ɗin da ke jikin kwalin nan wani ne ya rubuta shi, ya san shi, ka canza ka duba lambar wa ke kai. In ka shigo Ikeja ranar Asabar ka yi min magana ta nan kafin azahar, ka zo da biro da takarda mu fitar da lambobin nan 10 tare, na Yaya kuma sai mu kira shi mu yi ta waya.