Makaman kaburburan Seima da Turbino: makiyaya ne suka ƙera su?

Bashir: Jama'a, ni fa ban gamsu ba. Wai makiyaya masu yawo ne suka ƙera kawunan mashi da gatura da wuƙaƙen tagulla da aka haƙo a kaburburan Seima da Turbino a Rasha, na wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS)? Zubin tagulla aikin zaunanne ne. Ko dai saye suka yi, ko ganima ce.

Malama Hadiza: Daga wa suka saya, Bashir? A Rostovka, wata maƙabartar masu irin waɗannan makamai kusa da birnin Omsk a Siberiya, an tarar da duwatsun zubi cikin kaburbura, an binne mai sana'ar da kayan aikinsa. Mai saye me zai yi da mazubi? Can ne kuma aka samo wata wuƙa mai siffar mutum riƙe da doki a kan ƙotarta.

Bashir: To kuzar da ake haɗawa da jan ƙarfe a yi tagulla fa, Malama? Jan ƙarfe shi kaɗai ba ya tauri sosai.

Malama Hadiza: Daga yankin tsaunukan Altai, a tsakiyar Asiya, ake ganin ta fito. Irin waɗannan makamai sun bazu tun daga can har Finlan.

Baba Idi: Yaro, kai ma'aikata kake hangowa. Ni a maƙera na tashi. Zuga-zugi, gawayi, 'yar tukunyar narki, duk jaki ɗaya ya ɗauke. Maƙeran Buzaye ba tare da ruga suke tashi ba? Abin da ya burge ni shi ne kan mashin: rami suka bar masa tun a zubi don shigar sanda, bangonsa siriri. Wanda bai ƙware ba, fashewa zai yi masa.

Usman: Baba, a gafarce ni, amma Bashir yana da 'yar gaskiya. Mutanen Sintashta, a kudancin tsaunukan Ural na Rasha, kusan zamani ɗaya, makiyaya ne, sai dai garuruwa masu ganuwa gare su, kusan kowane gida da murhun narka ƙarfe. Kiwo daban, yawo daban.

Malama Hadiza: Na yarda, Usman. Amma na Seima da Turbino kaburburansu aka fi sani, ba ƙauyukansu ba.

Bashir: Batun saye na janye. Batun yawo kuwa ina nan. Rashin ganin gida ba ya nuna ba a yi gidan ba.

Baba Idi: Ni abin da ya tsaya mini a rai, da yawa daga kaburburan ba ƙashi a ciki, makamai kawai. Ina masu su suka kwanta?