Neman shawara: mosfet ɗina sai fashewa suke a injin waldar batir

Mai tambaya (Agege): Slm 'yan uwa, dan Allah masu ilimin lantarki a taimaka min. Ni da acaɓa nake yi ta wajen Ikeja a Legas, tunda aka hana a 2022 na koma zama shagon yayana muna gyaran fitilun caji da fanka mai caji, daga nan na fara haɗa batir 18650 da nake cirowa daga matattun batiran laftof ina yi wa mutane na sola ƙanana. Yayan nawa bai so ba tun farko, cewa yake zan ƙona masa shago, ga haya an ƙara mana ga iyali a Katsina suna jira, in abin nan bai yi ba wlh ban san me zan ce masa ba. Da solda nake haɗawa amma zafin na kashe batiran shi ne na ce bari in haɗa injin walda na kafasita (abin da ke tara wuta ya sake ta a bugu ɗaya). Na sayi kafasita 10, kowace 47,000uF 25V, na jera su, ina cajinsu zuwa 16V. Makunnin kuma mosfet ne (makunnin lantarki) IRF3205 guda 4, da Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da ke kunna su. In na taka makunnin ƙafa sai ɗaya ta yi ƙara ta tsage, sauran su bi ta, nikel ɗin da nake son liƙa wa batiran ma bai kama ba. Me zan sa a wurin wanda zai jure? Kuɗina sun kusa ƙarewa.

Mai inbata (Idi-Araba): Wslm. Ba ka faɗi kaurin nikel ɗin ba, ba ka faɗi tsawon wayarka ba, kuma me ke tsakanin Arduino da ƙafar get ɗin mosfet, wato ƙafar da ke kunna ta?

Mai tambaya: Nikel 0.15mm ne. Arduino kai tsaye na haɗa da rizisto (mai rage gudun wuta), haka na gani a bidiyo kuma nasa ya yi aiki.

Injiniya (Alaba): Ƙanena zubar da mosfet ɗin nan gaba ɗaya, SCR za ka sa, shi ma makunnin lantarki ne, irin babba mai kusoshi da ake cirowa daga tsofaffin injinan masana'anta. Ka duba takardar bayanansa za ka ga wani adadi ITSM, wato ƙarfin da yake ɗauka a bugu ɗaya na milisakan 10, wanda aka rubuta wa 100A sai ka ga yana shanye sama da 1,000A a bugun. Kafasitocinka 0.47F ne, a 16V kana da kusan jul 60 na ƙarfin da suka tara, ka sake masa su duka ya wuce da su ko ɗumi ba zai yi ba. Ba direba (ƴar na'urar da ke ƙara wa get ƙarfi), ba lissafin lokaci, ɗan taɓi kawai a get ya buɗe. An gama magana.

Mai inbata: Injiniya da girmanka, amma ba ka gaya masa SCR in ya kunnu ba ya mutuwa sai wutar ta ƙare ba. Ba zai iya yanke bugun ba, sai dai ya riƙa rage ko ƙara cajin kafasita. Kuma in cajarsa na haɗe tana turo wuta SCR ɗin zai iya ƙin sakewa. Matsalar yaron nan a fili take: Arduino 5V yake bayarwa, IRF3205 kuma sai get ya samu 10V yake buɗewa sosai ya sauko 8 miliohm, wato ya kusa daina tare wuta. A 5V rabi da rabi yake, ga ƙafar Arduino ba ta wuce 20mA na lafiya, to kafin ta cika get huɗu wacce ta riga buɗewa ita kaɗai ta ɗauki kayan, dole ta tsage. Sa direba irin TC4420, ba kowace mosfet nata rizisto a get, ka ƙara yawansu ko ka nemi IRF1404 mai 4 miliohm. Sannan ka gajarta waya. Waya mai tsawon mita tana riƙe da kusan rabin jul in 1,000A na gudu a cikinta, ka yanke wutar farat ɗaya duk a kan mosfet take saukewa, shi ya sa ake sa dayod Schottky babba da dayod TVS su kare ta.

Injiniya: Ka ga ka lissafo masa kaya kusan biyar, mutum ya ce kuɗinsa sun ƙare. SCR ɗaya tak.

Mai gyaran waya (Ikeja): Ni duk wannan ba shi ne damuwata ba, wa ya ce ma mosfet ɗin na gaske ne? Na taɓa sayen leda guda wajen wani mai shago, rubutu tsaf, da na fasa ɗaya da filaya abin da ke ciki bai kai ƙwayar gero ba. Na mayar masa ya ce wai ni na ƙona su. Haka nikel, rabin na kasuwa ƙarfe ne aka shafa wa nikel, ka kankare shi ka jefa a ruwan gishiri ya kwana za ka ga tsatsa. Mu talakawa kullum mu ake cuta, ka yi wa kwastoma aiki ya lalace ya zo yana zaginka a gaban mutane.

Mai tambaya: Nawa na gaske ne, wanda ya sayar min ɗan garinmu ne ba zai cuce ni ba. Wayar kuma dole ta yi tsawo saboda kafasitocin a ƙarƙashin tebur suke, yayana ba ya son ganinsu a sama.

Bakanike (Mile 12): Malam sa silinoid na kik ɗin mota ka huta, ɗaruruwan amfiya yake ɗauka kullum.

Mai inbata: Kik daban kafasita daban. Bakinsa yana tsalle kafin ya zauna, tartsatsi zai cinye shi, wata rana ya manne ya ƙi saki. Kuma mosfet ma in ta mutu a haɗe take mutuwa, ka kula, da ka ɗora alluran waldar a kan batir wuta za ta wuce ba tare da ka taka komai ba. Ka daina gwaji a kan 18650, gwada a kan reza ko wuƙa, ka sa tabarau, ka sa rizisto mai sauke cajin in ka tashi. Ƙarfe ya faɗa kan kafasitocin nan narkewa zai yi ya fantsar maka a ido.

Injiniya: Duk wannan tsoron da SCR babu shi. Ku yaran yanzu komai sai Arduino. Ni na yi aiki da su tun kafin a san wani mosfet a kasuwar nan, ka zo Alaba ranar Asabar ka tambayi masu kayan tsofaffin injina, ka kai caji 20V ka samu jul 94, nikel 0.15 zai kama.

Mai inbata: Tsoron tartsatsi da na batir yana nan ko me ya sa, Injiniya. Kuma SCR kansa yana cin fiye da 1V, a 16V ba ƙaramin asara ba ne.

Mai tambaya: Na gode duka Allah ya saka. Amma ni gaskiya Arduino ɗin na riga na saya har da allonsa, ba zan ajiye ba, kuma mai bidiyon bai sa wani direba ba. Ina ganin zan ƙaro IRF3205 guda 4 su zama 8 in gani. Ko akwai wanda ya san nawa SCR ɗin yake yanzu?

Mai gyaran waya: Ka fasa ɗaya tukun ka ga cikinta kafin ka ƙara ba shi kuɗi.

Mai tambaya: In na fasa saura 7 kenan.