Neman kalma: me za mu kira "mindfulness" da Hausa?

Jama'a, kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat. Ina fassara wata takarda ta masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kalmar mindfulness ta yi ta fitowa, kuma duk abin da na sa sai in ji bai zauna ba. Na nemi shawara, wani Malami da yayana da ƙanwata sun ba da tasu, ga inda na tsaya.

Asalin abin daga addinin Buddha yake. A harshen Pali, na tsofaffin littattafan addinin, ana cewa sati, tushenta kuwa tunawa ne. Wani masani ɗan Birtaniya, Rhys Davids, shi ya fassara ta da mindfulness a 1881. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya shigar da ita asibiti a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya tsara horo na mako 8 don masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa da masu yawan damuwa. Abin da ake koya shi ne mutum ya ɗan ja da baya ya kalli abin da ke kai-komo a jikinsa da zuciyarsa, kada ya bi shi, kada ya kore shi, kada ya yanke masa hukunci.

Allah gafarta Malam, na ga ka ce a sa murakaba, kuma na daɗe ina juya ta. Imamu Gazali ya ware wa murakaba da muhasaba littafi guda a cikin Ihya'u. Amma murakaba Allah ne a tsakiyarta, ita ce ta hadisin Jibrilu: ka bauta masa kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa shi yana ganinka. Muhasaba kuwa, wadda Harisul Muhasibi da ya rasu a Bagadaza a 857 ya samo laƙabinsa daga gare ta, lissafi ce, ka zaunar da ranka ka tuhume shi. Wancan horo na asibiti babu tuhuma a cikinsa. In muka ɗora masa waɗannan kalmomi mun rage musu nauyi, shi kuma mun sa masa rigar da ba tasa ba. Wannan ne ya fi damuna.

Natsuwa, da ƙanwata ta kawo, ita ce ribar da ake samu bayan an yi aikin. Lura da kai, mai karatu zai ɗauka cin abinci da shan magani ake nufi. Kallon kai ya yi kusa da ji da kai.

Shekaranjiya na sauka daga adaidaita sahu, direban ya ce ba shi da canji, ya ja ya tafi da naira 200 tawa. Na ji zafi ya taso daga ƙirji zuwa wuya, haƙorana sun datse, baƙar magana ta zo har bakin leɓe. Sai na tsaya gefen titi, kamar na hau tudu ina kallon wani mutum can ƙasa yana fushi. Ni ne mutumin, ni ne kuma mai kallon. Kafin in tsallaka titi zafin ya sauka da kansa. Kalmar da ta faɗo mini a wurin ita ce: na tsinkayi kaina.

Tsinkaya ganin abu ne daga nesa, sarai, ba tare da ka taɓa shi ba. Tazarar nan da nake nema tana cikin kalmar tun asali. Don haka na tsaya a kan tsinkayen kai.

Yaya, na ji gyaranka cewa in an ce mutum mai tsinkaye ne hangen gobe ake nufi. Gaskiya ne. Sai dai da zarar an haɗa da "kai", ido ya juyo gida, kuma tana karɓar umarni ba tare da wahala ba. Ga yadda na rubuta a takardar: "Idan ranka ya ɓaci, tsaya, ja numfashi sau uku, ka tsinkayi kanka." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku faɗa mini ko a kunnenku ma jimlar ta zauna, don ranar Litinin zan miƙa aikin.