Me za mu kira mangrove da Hausa?

1/ Masu fassarar labarai da malaman Hausa, ku matso. Duk sanda aka taɓo maganar sauyin yanayi da kare gaɓar teku sai kalmar mangrove ta ɓullo, kowa kuma da yadda yake kauce mata. Wani ya ce "bishiyoyin bakin teku", wani ya ce "dajin fadama". Ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da magana ɗaya.

2/ Mu fara sanin abin tukuna. Itace ne da ke tsirowa cikin taɓo, a inda kogi ke haɗuwa da teku, a ruwan da gishirinsa ke kashe sauran itatuwa. A wasu nau'o'insa saiwoyi daga jikin ganga suke fitowa, su lanƙwaso su shige laka kamar ƙafafun gizo-gizo, su sarƙe da na maƙwabta. Sarƙewar nan ita ce amfaninsa. Igiyar ruwa ta taso da ƙarfinta, kafin ta ratsa ta kai gari ta yi laushi. Lakar da kogi ya kwaso ta maƙale a gindi, ƙasa ta riƙa ƙaruwa maimakon zaizayewa. Ƙananan kifaye da jatan lande da kaguwa duk a nan suke fakewa har su yi ƙwari.

3/ Kada a ce abin bai shafe mu ba. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan wannan kurmi a Afirka, akasarinsa a Neja Delta, kuma yana shan wahala: malalar mai, sara don bandar kifi, ga wata kaba mai suna nipa da aka kawo Kalaba a 1906 tana cinye masa wuri. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni da ke Neja Delta daga gurɓatar mai zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Legas ta jibge duwatsu ta yi wa sabon birnin bakin teku na Eko Atlantic ganuwar tare igiyar ruwa, amma wane ƙauyen masunta ke da wannan kuɗin?

4/ "Bishiyar bakin teku" ba ta yi ba, kwakwa ma a can take. "Dajin fadama" kuwa, Bahaushe zai hango giyayya da lambun rake ne, babu teku a ransa. Aro ya fi muni. Ka ce "mangurob" a rediyo, rabin masu sauraro mangwaro za su ji, su zaci gonar 'ya'yan itace ake dasawa a Bayelsa.

5/ Shawarata: kurmin zartsi, guda ɗaya kuma itacen zartsi. Duk wanda ya taɓa kurɓar ruwan rijiya mai zartsi ya san ɗanɗanon, ba ruwan daɗi ba, bai kuma kai na teku ba. Irin ruwan da itacen ke rayuwa a ciki ke nan. "Kurmi" kuma ya ɗauko duhuwa da cunkoson da "daji" bai ɗauko ba.

Ku gwada a baki: "Mutanen Kasamans a Senegal sun sake dasa kurmin zartsi." "Kurmin zartsin Sundarbans na rage wa Bangaladash ɓarnar guguwa." Ni dai bai yi mini nauyi a harshe ba.

6/ Na san wani malamin zai ce ai zartsi na rijiya ne, ya fi kusa da kanwa. Na yarda, amma jirgi ma da can na kogi ne kaɗai, yau ga shi a sama. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da ke fama da kalmar ta Faransanci, "zartsi" kuke cewa a wajenku ko kuna da wata?